Sayen Gona a Lokacin Yaƙi

 

Akwai tambayar da take yawo a zukatan masu bi da yawa a ƙasar nan. Wasu suna furta ta, wasu suna haɗiyewa don kada a ce bangaskiyarsu ta yi sanyi: idan Allah yana tare da mu, me ya sa muke kwana da ido ɗaya a buɗe? Manomi yana da gona, ruwa ya sauka, amma zuwa gonar ya zama kasada. Uwa ta kai 'yarta makarantar kwana, daga ranar duk baƙuwar lambar da ta kira wayarta sai gabanta ya faɗi. Direban da zai bi hanyar Birnin Gwari yana sallama da iyalinsa kamar ba zai dawo ba. Na cikin gari ma bai tsira ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, albashi ba ya kai tsakiyar wata, cefane ya koma lissafin da ke hana maigida barci.

Ba mu kaɗai muke cikin wannan hali ba. Maƙwabtanmu Musulmi a Zamfara, Katsina da Sakkwato suna binne nasu, suna sayar da shanunsu don karɓo 'ya'yansu daga daji. Amma mu da muke kiran sunan Almasihu, tilas mu sami amsa daga cikin bangaskiyarmu, amsar da za ta iya tsayawa a gaban gwauruwa da maraya ba tare da jin kunya ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: Allah bai taɓa ba mu tabbacin cewa masifa za ta tsallake ƙofarmu ba. Tabbacin da ya ba mu ya fi wannan girma, wato mu nasa ne, an riga an biya kuɗinmu, kuma mutuwa kanta ba ta da kalmar ƙarshe a kanmu. Mai irin wannan bege ana gane shi ta wurin abin da yake yi da hannunsa tun kafin abubuwa su gyaru.

CINIKIN DA BA MAI HANKALIN DA ZAI YI

Ku buɗe Irmiya sura 32 a wannan mako ku karanta a hankali. Shekara ta goma ce ta sarautar Zadakiya. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, ba shiga ba fita, abinci yana ƙarewa. Annabi Irmiya kuwa yana tsare a filin matsara na fadar sarki, domin ya faɗi gaskiyar da ba a so, cewa birnin zai faɗi. A cikin wannan hali ne ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da ciniki: ya sayi gonarsa da ke Anatot, garinsu, mai tazarar kilomita kaɗan daga Urushalima. Bisa ga shari'ar da ke cikin Littafin Firistoci sura 25, idan talauci ya sa mutum zai rabu da gonar gado, dangi na kusa ne ke da hakkin fansarta don kada ta bar gida.

Ku yi tunani. Abokan gaba sun mamaye ƙasar da gonar take. Mai sayen yana tsare, ba shi da mata, ba shi da ɗan da zai gāje shi. Shi ne kuma ya fi kowa sanin cewa ƙasar za ta faɗa hannun Nebukadnezzar. A yau kamar a ce wa mutum ya sayi fili a ƙauyen da 'yan bindiga suka kori kowa suka kafa sansani. Ko dillali zai ji nauyin kawo irin wannan ciniki.

Amma Irmiya ya saya, domin Ubangiji ya riga ya gaya masa. Ya auna azurfa shekel 17, wadda nauyinta bai kai giram 200 ba. Ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, aka yi kofi biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe. Ya miƙa wa magatakardansa Baruk a idon jama'a, ya umarce shi ya ajiye su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Irin wannan ajiya ba wasa ba ce. Tsofaffin littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, wasunsu cikin tukwanen ƙasa aka same su, bayan wajen shekara 2000. Dalilin cinikin kuwa shi ne Allah ya ce wata rana za a sāke cinikin gidaje da gonaki a wannan ƙasa.

Abin da ya fi taɓa ni a surar shi ne abin da ya biyo baya. Da aka gama ciniki, Irmiya ya koma ga addu'a, ya ƙare ta da damuwar da ke cin ransa: ga kayan yaƙin Kaldiyawa a jikin garu, birni yana gab da faɗuwa, amma ka ce in sayi gona? Wato annabin ya yi biyayya tukuna, sa'an nan ya yi tambaya. Allah bai tsauta masa a kan tambayar ba, ya amsa masa.

Kuma ku lura da ƙarshen labarin. Birnin ya faɗi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. An ƙone Haikali. Daga baya mutanensa suka tafi da Irmiya Masar ba da son ransa ba, kuma ba mu karanta ko'ina cewa ya taɓa sa fartanya a wannan gona ba. Amma idan kuka duba Ezra sura 2, cikin jerin waɗanda suka komo daga bauta bayan Sarki Sairus ya ba da izini, za ku ga mutanen Anatot su 128. Alkawarin ya cika, ko da yake mai sayen gonar bai gani da idonsa ba.

BEGE MAI ARAHA

A zamanin Irmiya akwai wani annabi mai suna Hananiya, labarinsa yana sura 28. Shi ne irin mai wa'azin da jama'a ke so. Ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, a komo da kayan Haikali da duk waɗanda aka kwashe. Har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya kakkarya a gaban mutane. Irmiya da kansa ya ce amin, ya yi fatan ya zama haka. Amma saƙon da Allah ya ba shi shekara 70 ne, ba biyu ba. Hananiya ya yi annabcinsa a wata na biyar, ya mutu a wata na bakwai na wannan shekara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Har yau muna da 'ya'yan Hananiya. Suna sayar da mai, da ruwa, da hankici, da takardar mannawa a ƙofa, suna cewa wanda ya yi shuka ta musamman harsashi ba zai taɓa shi ba. Suna koya wa mutane cewa duk wata masifa ana korar ta da cewa ba rabona ba ne. Ban hana kowa roƙon kariya ba, ni ma ina roƙo kowace safiya, kuma Allah yana kāre mu fiye da yadda muka sani. Matsalar tana zuwa ne ranar da masifa ta shigo gidan mai aminci. A ranar, wannan koyarwa ba ta da abin faɗa sai ɗaya daga cikin biyu: ko Allah ya kāsa, ko mamacin ba shi da isasshiyar bangaskiya. Dukansu ƙarya ne, kuma dukansu suna ƙara wa mai makoki rauni a kan rauni. Matasa nawa ne suka daina zuwa sujada saboda an yi musu alkawarin da Allah bai yi ba, da alkawarin ya kāsa sai suka ɗora wa Allah laifi?

Wani zai ce, to Zabura 91 fa? Zabura ce mai daraja, mu ci gaba da karanta ta ga 'ya'yanmu. Amma mu tuna cewa ita ce Shaiɗan ya jawo wa Yesu a lokacin gwaji, a Matiyu sura 4, yana so ya mai da alkawarin Allah ya zama laya. Yesu ya ƙi. Haka kuma ayar nan ta Irmiya 29:11 da muke rubutawa a katin biki da jikin mota, wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe daga ƙasarsu, aka kuma gaya musu yawancinsu a baƙuwar ƙasa za su tsufa. Alkawarin gaskiya ne, amma lokacinsa a hannun Mai alkawarin yake.

YAƘUB DA BITRUS, SURA ƊAYA

Ayyukan Manzanni sura 12 tana da darasin da ya kamata kowane mai bi a arewacin Najeriya ya riƙe. A farkon surar, Sarki Hirudus ya sa aka kashe Yaƙub ɗan'uwan Yahaya da takobi. Da ya ga abin ya yi wa wasu daɗi, ya kama Bitrus, ya sa sojoji 16 su yi gadinsa bi da bi. Ikilisiya ta dage da addu'a, mala'ika ya zo da dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe. Har da baiwa Roda ta ce Bitrus ne a ƙofa, masu addu'ar suka ce ta haukace.

Manzanni biyu ne, sarki ɗaya ya kama su, ikilisiyarsu ɗaya, Allahnsu ɗaya. Ɗaya ya fita da ƙafarsa, ɗaya aka ɗauki gawarsa. Wa zai ce Bitrus ya fi Yaƙub bangaskiya? Yaƙub yana cikin ukun da Yesu ya fi jawowa kusa da shi. Marubucin Ibraniyawa ma a sura 11 ya jera waɗanda suka tsere wa takobi da waɗanda takobi ya ci a layi ɗaya, ya kuma yaba wa bangaskiyarsu duka.

Mun ga wannan sura da idonmu. A ranar 5 ga Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a jihar Kaduna. Iyaye suka yi kuka, ikilisiyoyi suka yi azumi, aka riƙa sako yaran kashi kashi, na ƙarshe bai dawo ba sai bayan fiye da shekara biyu. Mun yi godiya, kuma ya dace mu yi. Amma a watan Janairu na 2020, Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar CAN a Michika ta jihar Adamawa, ya faɗa hannun Boko Haram. An yi masa addu'a a ko'ina, duk da haka suka kashe shi a ranar 20 ga watan. A bidiyon da aka sake kafin mutuwarsa, duniya ta ga mutum mai natsuwa. Ya nuna yana sa ran komawa ga matarsa da 'ya'yansa, ya kuma bar maganar a hannun Allah idan hakan bai yiwu ba, yana roƙon nasa su yi haƙuri su gode wa Allah. Haka kuma Leah Sharibu, wadda aka sace tare da 'yan makarantar Dapchi a ranar 19 ga Fabrairu 2018 tana da shekara 14. Bayan wata guda aka maido da sauran da suka rayu, aka riƙe ta don ta ƙi musun Almasihu.

Duk koyarwar bege da ba ta da wurin zama ga Rabaran Andimi da Leah, ba ta isa mu riƙe ba. Abokan Daniyel uku sun gane wannan a bakin tanderun wuta. Sun gaya wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon ceto, sun kuma ƙara da cewa ko bai cece su ba, sujada ga gunki ba ta cikin lissafi. Amincinsu bai rataya ga yadda ranar za ta ƙare ba.

TO, A INA TABBACINMU YAKE?

Akwai kalmar da 'yan bindiga suka ƙwace mana, ya kamata mu karɓe ta. Kalmar ita ce fansa. Yau idan aka ce fansa, abin da ke zuwa zuciya shi ne kiran waya da tsakar dare, da sayar da gona, da bin dangi ana tara kuɗi. Kowa ya san halinsu: a kai kuɗi su ce saura babur, a kai babur su ce saura katin waya da abinci, wani lokaci ma su riƙe wanda ya kai. Fansar da ba ta da ƙarshe ke nan.

Amma tun kafin su, kalmar tamu ce. Irmiya ya fanshi gonar dangi. Yesu kuma, a Markus 10:45, ya bayyana ransa a matsayin abin da zai bayar don fansar mutane da yawa. Wannan fansa an biya ta sau ɗaya a kan gicciye, ba ciko, ba saura, ba mai sāke kiran waya ya ƙara farashi. Shaidar cewa an karɓa ita ce kabarin da aka tarar a buɗe ran Lahadi da asuba.

Tashin Yesu daga matattu shi ne ginshiƙin dukan maganar. Bulus ya faɗa a fili a 1 Korintiyawa 15 cewa in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu aikin banza ce. Bai tsaya nan ba, ya lissafta shaidu: Bitrus, sha biyun, mutum fiye da 500 a lokaci guda, waɗanda yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun, ana iya zuwa a tambaye su. Ku dubi almajiran kansu. A daren ranar tashin suna kulle a ɗaki saboda tsoro. Bayan mako bakwai suna tsaye a tsakiyar wannan birni suna wa'azi a gaban waɗanda suka sa aka kashe Ubangijinsu. Gwamnati ba ta canja ba, sojojin Roma suna nan, barazana ma ƙaruwa ta yi. Abin da ya canja shi ne sun ga cewa makami mafi girma da azzalumi ke da shi, wato kisa, an riga an karya shi.

Shi ya sa Romawa sura 8 take da nauyi. Sa'ad da Bulus yake lissafta abubuwan da ba za su iya shiga tsakaninmu da ƙaunar Almasihu ba, ya sa yunwa, da tsanani, da hatsari, da takobi. Bai ce waɗannan ba za su zo ba. Shi kansa, bisa ga tarihin ikilisiya, an kashe shi a Roma a zamanin Nero. Abin da ya ce shi ne za su zo su tarar da mu a hannun da ba su isa su buɗe ba.

Kuma Allah bai bar mu da alkawarin baki kawai ba. A Afisawa sura 1 an kwatanta Ruhu Mai Tsarki da hatimi, da kuma abin da mu za mu kira kuɗin kafin alƙalami, wanda ake bayarwa don tabbatar da cewa sauran yana tafe. Kamar takardar Irmiya ce: an sa hannu, an hatimce, an ajiye cikin tukunyar ƙasa. Tukunyar kuwa mu ne, masu saurin fashewa, masu ciwon kai da hawan jini da fargaba. Ƙarfin takardar ba daga tukunya yake ba, daga Wanda ya sa hannu yake. Saboda haka ɗan'uwana, 'yar'uwata, ranar da kika tashi ba kya jin komai a zuciya sai nauyi, ceton ki bai ragu ba. Tabbacinmu yana kan abin da Yesu ya gama, ba a kan yanayin da muka tashi da shi ba.

JIN TSORO BA RIDDA BA NE

Mu daina sa wa juna kunya a kan tsoro. A Getsamani Ubangijinmu ya yi baƙin ciki mai tsanani, ya roƙi Uba har sau uku ko akwai wata hanya. Yahaya Maibaftisma, daga kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne wanda ake jira. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, kuma Ruhun Allah ya ga ya dace ta zauna cikin Littafi Mai Tsarki. Wanda ya ga an ƙone ƙauyensu, yake firgita idan ya ji ƙarar babur, ba mai ƙarancin bangaskiya ba ne, mai rauni ne. Yana bukatar mai sauraro, wani lokaci yana bukatar likita, kuma zuwa asibiti ba ya rage wa addu'a daraja.

Haka kuma yin tsaro ba rashin dogara ga Allah ba ne. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, sun kuma sa masu gadi dare da rana. Yusufu ya ɗauki jariri Yesu da Maryamu ya gudu Masar cikin dare. An zura Bulus cikin kwando ta garun Dimashƙu. Idan ƙauye ya zama tarko, fita da iyali hikima ce, kada wanda ke zaune lafiya a birni ya kira su matsorata. Wasiƙar Bitrus ta fari ma zuwa ga warwatsattun baƙi aka rubuta ta, kuma ga su ne ya yi maganar rayayyen bege.

AMSA GA MAI CEWA WANNAN MAGANIN BARCI NE

Na san akwai matasa a cikinmu da za su ce irin wannan magana ce take sa mu naɗe hannu ana yanka mu. Fushinsu yana da dalili, kuma ban raina shi ba. Amma ku dubi tarihin ikilisiyar da ta haife mu, ku ga ko masu bege sun taɓa naɗe hannu. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara guda Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sāke gwadawa ya kāsa, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito, mai miliyoyin membobi a yau. Gowans da Kent sun sayi gonar da ba su ci amfaninta ba.

Ikilisiyar EYN ta fara sujada a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a ranar 17 ga Maris 1923. A 2014 ta sha abin da baki ba zai iya faɗa ba. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu na wannan shekara 'ya'yanta ne. A ƙarshen Oktoba aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci, majami'u masu yawa suka zama toka. Amma sun koma. Sun yi sujada a ƙarƙashin itatuwa da cikin kangon gini, sun sāke ɗora rufi, kuma a 2023 suka yi bikin cika shekara 100. Ba su yi haka da ɗaukar fansa ba.

A nan ne kalmar nan take da fuska ta uku. Wanda ya san an fanshe shi ba ya bukatar ɗaukar fansa, domin ya san akwai ranar shari'a, kuma Alƙalin ba ya karɓar cin hanci. Kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba saboda yarensa ko addininsa, ba jaruntaka ba ce, alamar fid da zuciya ce. Mu tuna da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barkin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Wanda ya san wannan labari ba zai yi wa mutane kuɗin goro ba. Neman adalci kuwa hakkinmu ne: mu yi magana, mu rubuta sunayen waɗanda aka kashe da ranaku, mu matsa wa waɗanda muka zaɓa, mu riƙe katin zaɓenmu. Irmiya ma da shaidu da takarda ya yi nasa aiki.

GONAKIN DA KE GABANMU

Wasiƙar da Irmiya ya aika wa waɗanda ke bauta a Babila ta umarce su su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure su aurar, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Ayyukan yau da kullum ke nan, kuma su ne kamannin bege idan ya sa tufafin aiki.

Uban da ya sāke biya wa 'yarsa kuɗin makaranta bayan duk abin da ya faru, ya nemi inda ya fi tsaro ya kai ta, ya sayi gona a Anatot. Zumuntar mata da ta tara mudu mudu ta kai wa 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba, ta sayi gona. Saurayin da ya koyi walda ko ɗinki maimakon ya zauna yana cewa ƙasa ta mutu, malamin makarantar Lahadi da ke koya wa yara goma a majami'ar da dā take cika, mai dasa mangwaron da jikokinsa ne za su sha, dukansu suna sa hannu a takarda ɗaya.

Akwai kuma abin da ya kamata mu rage. Ba kowane bidiyon gawa ne ya kamata mu tura a WhatsApp ba, kuma ba kowane saƙon murya mai cewa suna nan tafe ne gaskiya ba. Mu tabbatar kafin mu tura. Wanda ya fara ranarsa da hotunan jini ya rufe ta da su, ya bar Littafinsa a rufe, kada ya yi mamaki idan zuciyarsa ta cika da duhu. Mu san abin da ke faruwa don mu yi addu'a mu kuma yi hattara, amma kada waya ta zama mai wa'azinmu na safe da yamma.

Kuma kada kowa ya ɗauki kayansa shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan mako ka nemi mutum ɗaya da ka san tsoro ko rashi ya danne shi, ka je ka zauna da shi. Ba sai ka yi masa dogon wa'azi ba. Ka saurare shi, ku yi addu'a, in da hali ka bar masa ɗan abin cefane.

Ubangiji ya kāre fitarmu da shigarmu, ya komo da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ya ta'azantar da gwauraye da marayu, ya juyo da zukatan masu zub da jini, ya ba shugabanninmu tsoronsa. Ya kuma ba mu ƙarfin yin aikin da ke gabanmu yau, ko mun ga amfaninsa ko 'ya'yanmu ne za su gani. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda.